Shekarar da Indiya ta ƙi buga wasan ƙarshe

Duk wanda ya bi jerin zakarun Kofin Davis, gasar tanis ta maza tsakanin ƙasa da ƙasa, zai ga kusan kowace shekara da sakamakonta a gefe, kamar 3–2, ko 4–1, ko 5–0. In ya iso 1974 sai ya tarar da sunan Afirka ta Kudu ba tare da ko lamba ɗaya ba, domin ba a buga wasan ƙarshen ba. Indiya ce ta kamata ta kara da ita, amma gwamnatin Indira Gandhi ta ce 'yan wasanta ba za su shiga fili da ƙasar da ke mulkin wariyar launin fata ba. Aka miƙa wa Afirka ta Kudu kofi salin-alin. Har yau Indiya ba ta taɓa cin wannan kofi ba, ita ma Afirka ta Kudu ba ta sake kaiwa wasan ƙarshe ba.

Ni ina tare da Indiya a kan wannan hukunci. Sai dai ba na tare da masu yabonsa a sauƙaƙe, waɗanda ke magana kamar ba a yi asarar komai ba, ko kamar duk ƙasar da ta ce "ba na wasa da wance" ta zama jaruma ke nan. An yi asara, kuma waɗanda suka yi ta ba su ne suka yanke hukuncin ba.

A wajenmu in an ambaci Indiya fim ne ke fara zuwa zuciya, in an matsa a ce kurket. Ba kowa ya san cewa ƙasar tana buga Kofin Davis tun 1921 ba, tun tana ƙarƙashin Turawan Ingila. Gasar kanta a 1900 aka fara ta, tsakanin Amurka da Birtaniya, da kofin da wani ɗalibin jami'ar Harvard mai suna Dwight Davis ya saya. Yadda aka daɗe ana yin ta shi ne wasa biyar cikin kwana uku: ranar farko wasa biyu na mutum ɗaya-ɗaya, rana ta biyu wasan 'yan bibbiyu, rana ta uku a musanya abokan karawa a sake biyu. Wanda ya ci uku ya wuce. Wannan tsari yana ba ƙaramar ƙasa dama, domin gwanaye biyu kacal sun isa su ɗauki ƙasa guda a kafaɗarsu. Duk da haka, daga 1900 har 1973 ƙasashe huɗu ne kawai suka taɓa ɗaga kofin: Amurka, Birtaniya, Ostireliya da Faransa. Tuwona maina ake yi tsakanin Turawa.

Indiya ta fara ƙwanƙwasa wannan ƙofa a 1966, zamanin Ramanathan Krishnan, wanda ya kai wasan kusa da na ƙarshe a Wimbledon, babbar gasar tanis ta Ingila, a 1960 da 1961. A Kalkata ya farfaɗo daga bakin rami a gaban Thomaz Koch na Brazil, ana binsa turmi biyu da ɗaya a wasan da mai turmi uku ke cinyewa, a turmi na huɗu kuma ana binsa gem 5–2 (gem shida ke kai mutum ga cin turmi), ya dawo ya ci wasan. Suka tafi Melbourne, Ostireliya ta doke su 4–1. Ɗayan da suka samu ma abin alfahari ne, domin Krishnan da Jaidip Mukerjea ne suka kayar da John Newcombe da Tony Roche a wasan 'yan bibbiyu. Amma babu wanda ya yi tsammanin za su ci kofin a wancan karon. A lokacin mai riƙe da kofi zama yake yi a gida yana jiran duk wanda ya sha wahalar fitowa daga sauran ƙasashe, sannan su kara sau ɗaya.

1974 daban ce. An riga an soke wancan gata na mai riƙe da kofi, kuma manyan sun zube da wuri. Kolombiya ta fitar da Amurka a Bogota. Ostireliya, wadda ta ci kofin a 1973, ta zo Kalkata ba tare da manyan taurarinta ba, ta haɗu da wa da ƙani, Anand da Vijay Amritraj, tare da Jasjit Singh. A wancan zamani babu dokar yanke turmi in an yi kunnen doki a 6–6, sai dai a yi ta bugawa har wani ya ba da tazarar biyu. A cikin zafin watan Mayu na Kalkata aka yi ta ganin turmi yana ƙarewa 17–15, wani 18–16. Karawar gaba ɗaya ta ci gem 327, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar. Indiya ta fita da 3–2. Daga nan ta karɓi Tarayyar Sobiyat a Pune, da Alex Metreveli a cikinta, wanda ya buga wasan ƙarshe na Wimbledon a 1973, ta kuma yi nasara. Vijay yana da shekara 20 a lokacin, ya riga ya doke Rod Laver a gasar Amurka ta 1973, ya doke Bjorn Borg a ta 1974. Saura mataki ɗaya ƙasar da ba ta Turawa ba ta ɗauki kofin a karon farko.

Za su ci da sun je? Masu son labari ya yi daɗi suna cewa tabbas. Ni ban yarda da tabbas ɗin ba. A Johannesburg za a buga, gari mai tudun da ya haura mita 1,700, inda iska ba ta da nauyi kuma ƙwallo ke tashi fiye da yadda baƙo ya saba. A can Afirka ta Kudu ta doke Italiya 4–1. Tana da Bob Hewitt da Frew McMillan, waɗanda suka ci Wimbledon na 'yan bibbiyu a 1967 da 1972, ga kuma Ray Moore. Karawa ce da za ta iya faɗawa kowane ɓangare. Amma dama ce ta gaske, irin wadda ƙasa kamar Indiya ba ta samu sau biyu a ƙarni guda. Ko a 1987 da suka sake kaiwa wasan ƙarshe, bayan sun kayar da Ajantina da Isra'ila da Ostireliya, Suwidin ce ta tarbe su a Gothenburg da Mats Wilander, a kan filin jar ƙasa da aka shimfiɗa a cikin ɗaki domin kashe kaifin 'yan wasan da suka saba da ciyawa. Aka tashi 5–0. Vijay ya riga ya haura talatin. Ramesh, ɗan Ramanathan Krishnan, shi ne abokin tafiyarsa.

Wannan tsadar ce ta ba ƙauracewar 1974 nauyi. Ƙasashe da yawa sun sha ƙin buga wasannin da ko sun buga ba za su ci ba, a tafa musu, a manta. Indiya kuwa abin da ta fi so a wannan fage ta ajiye, a gaban idon duniya, ta bar wa hukumar gasar zakaran da ba wanda ya ga ya yi gumi a wasan ƙarshe. Babu takardar koke ko jawabin Majalisar Ɗinkin Duniya da zai kunyata masu shirya gasar kamar haka.

Akwai masu cewa a raba wasa da siyasa. Magana ce mai daɗin ji, kuma sau da yawa ni ma ita nake bi. Amma a Afirka ta Kudu ba Indiya ce ta shigo da siyasa cikin fili ba, a ciki ta tarar da ita. Dokar ƙasa ce ta tsara unguwar da kowane launi zai zauna, da kulob ɗin da zai shiga, da ɓangaren da zai zauna in ya zo kallo. Tawagar da ake kira ta ƙasa farar fata ce zalla, a ƙasar da farar fata ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Ba a tace ta daga dukan 'yan ƙasa ba balle a ce gwaninta ce ta fitar da ita. A 1968 gwamnatin John Vorster ta ƙi karɓar tawagar kurket ta Ingila saboda akwai Basil D'Oliveira a cikinta, mutumin da aka haifa a Cape Town amma ba fari ba. Arthur Ashe, baƙar fata ɗan Amurka da ya ci gasar Amurka ta 1968, ya nemi biza ya je ya buga, aka hana shi. Wannan hanawar ce ta sa aka dakatar da Afirka ta Kudu daga Kofin Davis a 1970.

Ga Indiya kuma abin na gida ne. Tun 1860 Turawa suka fara kwaso Indiyawa zuwa Natal aikin gonakin rake, zuriyarsu na nan har gobe, musamman a Durban. A can aka jefo Gandhi daga jirgin ƙasa a tashar Pietermaritzburg a 1893, da tikitinsa na babban tarago a hannu. A 1946, tun kafin ta sami cikakken 'yanci, Indiya ta yanke cinikayya da Afirka ta Kudu, ta kuma kai ƙararta Majalisar Ɗinkin Duniya. In ana son a ga yadda wariya take a fagen wasa, a dubi Papwa Sewgolum, ɗan asalin Indiya da ya fara da ɗaukar wa Turawa jakar sandunan golf. A shekarun 1960 ya ci gasar Natal a Durban. Doka ba ta ba shi damar shiga zauren kulob ba, sai aka miƙa masa kofinsa a waje ana ruwan sama, waɗanda ya kayar suna ciki a bushe. Hoton ya zaga duniya. To a irin wannan ƙasa ake so Vijay da Anand su sauka, a ba su izini na musamman su kwana a otal ɗin da ɗan'uwansu na Durban ba ya shiga sai in aiki ya kai shi, a ɗauke su hoto suna gaisawa da manyan gwamnati, gobe a nuna wa duniya a ce ga shi nan, ba mu da matsala da kowa.

Idan akwai mai laifi a asarar da 'yan wasan suka yi, hukumar gasar ce. Ita ta dakatar da Afirka ta Kudu, ita kuma ta dawo da ita bayan ɗan lokaci ba tare da wani abu ya sauya a ƙasar ba. Da ta ga ƙasashe da dama ba za su yarda su kara da ita ba, sai ta cusa ta a shiyyar nahiyar Amurka, inda take ganin za a fi samun masu haƙuri. Wato an san akwai wuta, aka lulluɓe ta da zane. Amma da abin ya fashe, Indiya aka fi yi wa tsegumi cewa ta ɓata gasa. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Bayan Indiya, Meziko ma ta ƙi bugawa, Kolombiya ta ƙi. A 1977 masu zanga-zanga suka watsa mai a filin wasa a Kalifoniya ana tsakiyar karawar Amurka da Afirka ta Kudu. A 1978 dubban mutane suka yi jerin gwano a Nashville. Daga 1979 Afirka ta Kudu ba ta sake buga gasar ba sai 1992, bayan an saki Mandela.

Hujjar da ta fi ba ni wahala ba ta masu raba wasa da siyasa ba ce. Ta Arthur Ashe ce. Shi bai ƙaurace ba a farko, nacewa ya yi sai ya je. A 1973 aka ba shi biza, ya gindaya sharaɗin kada a raba 'yan kallo bisa launi, ya kai wasan ƙarshe na gasar Afirka ta Kudu a Johannesburg Jimmy Connors ya doke shi, ya ci na 'yan bibbiyu tare da Tom Okker. Yaran Soweto suka ga baƙar fata yana kayar da Turawa a filinsu. Mai wannan ra'ayi zai ce da Indiya ta je ta ɗauke kofin a Johannesburg, ai da ta fi ƙona ran masu wariya. Akwai ƙamshin gaskiya. Sai dai Ashe mutum ɗaya ne da ya je da sunansa, yana da bakin faɗin abin da ya gani. Kofin Davis kuwa tuta ce ke karawa da tuta. Tsayawa a gaban tutar, a saurari taken, a gaisa, amincewa ce cewa waɗannan mutum huɗu su ne wakilan ƙasar. Kuma in Indiya ta je ta sha kaye fa? Shi kansa Ashe daga baya ya koma sahun masu kiran a ƙaurace wa ƙasar gaba ɗaya, har aka kama shi a zanga-zanga a ƙofar ofishin jakadancinta a Washington a 1985.

Ga wani misali da ke nuna cewa ba duk tafiya ce cin amana ba. A 1976 Chile ta kai wasan ƙarshe, bayan Tarayyar Sobiyat ta ƙi karawa da ita saboda Janar Pinochet, shugaban mulkin sojan ƙasar. Aka yi ta ce-ce-ku-ce a Italiya, a je ko kada a je. Suka je Santiago, suka buga a harabar babban filin wasan da aka tsare dubban mutane a 1973, Adriano Panatta da Paolo Bertolucci suka sa jajayen riguna a wasan 'yan bibbiyu don nuna adawa, suka ci 4–1. Wannan ne kofin Italiya na farko, ba ta sake ci ba sai 2023. Ban ga laifinsu sosai ba, ko da yake mulkin Pinochet na kisa ne. Bambancin shi ne ba dokar launi ce ta zaɓi 'yan wasan Chile ba. Muguwar gwamnati ce a bayan tawaga ta gaskiya. In za a daina wasa da duk ƙasar da shugabanta azzalumi ne, ba na jin za a tara ƙasa goma a kowace gasa, kuma mu da muka sha mulkin soja ba mu da bakin cika baki a nan. Inda na ja layi shi ne inda zaluncin ya shiga cikin wasan kansa, ya zaɓi wanda zai riƙe raket da wanda zai tsaya a bayan waya. Italiyan dai ta je Johannesburg a 1974 ma, wannan tafiyar kam ba zan wanke ta ba.

Da wannan ma'aunin ne kuma nake ganin Indiya ba ta ci gaba da tsayawa a wuri ɗaya ba. A 1987 ta karɓi Isra'ila a Delhi, lokacin da babu cikakkiyar hulɗar jakadanci tsakaninsu, domin hanya ce ta zuwa wasan ƙarshe. A 1988, ana tsakiyar boren Falasɗinawa, ta ƙi zuwa Isra'ila, ta rasa gurbinta a rukunin manya. Mai kare ta zai ce yanayi ne ya sauya tsakanin shekarun biyu. Mai suka zai ce lissafi ne. A 1992 ƙasashen biyu suka buɗe ofisoshin jakadanci, yau kuwa aminai ne. Batun Pakistan ya fi wannan fitowa fili. A 2019 Indiya ta nemi a ɗauke karawarsu daga Islamabad saboda tsaro, aka mayar da ita Kazakhstan. Manyan 'yan wasan Pakistan, Aisam-ul-Haq Qureshi da Aqeel Khan, suka ƙi zuwa don nuna fushi, aka turo yara, Indiya ta ci 4–0. Shi Aisam ɗin nan tare da Rohan Bopanna na Indiya suka kai wasan ƙarshe na 'yan bibbiyu a gasar Amurka ta 2010, suna kiran a bar yaƙi a koma tanis. Daga baya Indiya ta sake neman a sauya wuri, hukuma ta ƙi, a 2024 suka tafi Islamabad a karon farko tun 1964, suka ci 4–0 suka dawo lafiya. Rikicin maƙwabta ne wannan, ba shi da alaƙa da abin da aka yi a 1974, kuma masu haɗa su wuri ɗaya rage wa 1974 daraja suke yi. Ita ma Indiyar an taɓa yi mata haka: a 2009 Ostireliya ta ƙi zuwa Chennai da sunan tsaro, kuma Indiyawa ba su ji daɗi ba.

Sai maganar 'yan wasan, wadda ita ce ta fi damuna. 'Yan'uwan biyu ba su zama baki ɗaya ba a kan abin da ya faru. Vijay ya sha nuna cewa a matsayinsa na ɗan wasa ya ji ciwo, amma hukuncin daidai ne. Anand kuwa bai ɓoye cewa yana ganin an hana su kofin da za su iya ci ba. Ban ga dalilin da za a ce ɗaya ya fi ɗaya kishin ƙasa ba. Minista yana da shekaru talatin na siyasa a gabansa, ɗan wasa kuwa shekarun ƙarfinsa ba su wuce goma ba. Kyauta da kayan wani ba ta da wuya.

Mu ma mun san wannan a gida. A 1976 Najeriya na cikin ƙasashen Afirka sama da ashirin da suka fice daga wasannin Olamfik na Montreal, saboda an ƙi korar New Zealand wadda tawagarta ta rugby ke yawo a Afirka ta Kudu a shekarar da aka harbe ɗaliban Soweto. Ɗan Najeriya, Abraham Ordia, shi ne shugaban majalisar ƙoli ta wasannin Afirka a lokacin. 'Yan wasanmu sun riga sun isa Kanada, har da ƙungiyar ƙwallon ƙafa da ta sami gurbi, aka ce su tattara kayansu su dawo. Filbert Bayi na Tanzaniya, mai riƙe da tarihin duniya a tseren mita 1,500, yana ji yana gani John Walker na New Zealand ɗin ya ɗauki zinare. Najeriya ta sake ƙauracewa wasannin Commonwealth na 1978, sannan a 1986 ita da Indiya suna cikin ƙasashe 32 da suka ƙi zuwa Edinburgh. Waɗannan matakai sun yi tasiri, domin farar fatar Afirka ta Kudu mutane ne masu son wasa kamar rai, kuma rufe musu ƙofar filayen duniya ya taɓa su inda takunkumin ciniki bai kai ba. Amma in ana jawabin irin gudummawar da muka bayar wajen rusa wariya, sunayen shugabanni ake lissafawa. Ɗan damben da ya yi shekara huɗu yana atisaye, ya dawo daga Montreal bai jefa naushi ko ɗaya ba, ba ya cikin lissafin.

Don haka gwamnatin da za ta hana ɗan wasanta shiga fili, akwai haƙƙi a kanta. Ta zauna da shi kafin ta yi sanarwa, kada ya ji a rediyo. Ta faɗi dalilinta a fili yadda za a iya auna ta da shi gobe in abokiyar cinikinta ce ta aikata irin wannan laifi. Ta kuma biya shi abin da za a iya biya, ta rubuta sunansa a inda ake rubuta sunayen waɗanda suka ci. Hukumomin wasa kuma su daina jira sai wata ƙasa ta yanka wuyanta kafin su motsa. Sun nuna suna iya sauri in sun ga dama: Rasha ce ke riƙe da Kofin Davis na 2021, amma kwanaki kaɗan bayan ta shiga Yukren a 2022 aka dakatar da ita. Afirka ta Kudu kuwa sai da ta ƙara buga gasar har shekara huɗu bayan an ba ta kofin 1974.